Kiwon ɓera a keji

Darasin ilimin halittu

1. Ɓera iri-iri ne

Kowane yaro ya san ɓera. A wasu garuruwa kusu ake ce masa. Yana shiga rumbu ya ci hatsi. Yana huda buhu, yana yayyaga tufafi a cikin akwati. Manomi ba ya ƙaunarsa, uwar gida ma haka. Ana ɗana masa tarko, ana ajiye kyanwa saboda shi.

Amma a Ingila da Faransa da Amurka da wasu ƙasashe, akwai masu kiwon ɓera a cikin ɗaki, kamar yadda yara ke kiwon tantabara ko zomo a ƙasar Hausa. Da kuɗi suke sayensa. Suna raɗa masa suna. In ya yi ciwo, su kai shi wurin likitan dabbobi. Ba su cin namansa, ba su sayar da fatarsa. Don sha'awa kawai suke kiwonsa.

Wanda ya ji haka zai yi mamaki. Amma ɓeran kiwo daban ne, ɓeran rumbu daban. Ɓeran kiwo a keji aka haife shi, a keji aka haifi iyayensa da kakanninsa. Bai san neman abinci ba, bai san gudun kyanwa ba. Ransa duka yana hannun mai shi. Shi ya sa wanda zai fara wannan kiwo ya kamata ya san dabbar tun kafin ya kawo ta gida.

2. Asalin ɓeran kiwo

Masana suna kiran wannan ɓera Rattus norvegicus, wato ɓeran Norwe. Sunan kuskure ne, domin asalinsa arewacin ƙasar Sin. Haka ma ɓeran Masar da ake kiwo a gidaje: ba daga Masar ya fito ba, asalinsa Amurka ta Kudu. Shi ba ya da wutsiya, ciyawa yake ci, kuma wata dabba ce daban.

Ɓeran Norwe ya bi kayan fatake da jiragen ruwa. A ƙarni na 18 ya bazu cikin Turai. A ƙarni na 19 ɓeraye sun yi yawa ƙwarai a birnin Landan, har kamun ɓera ya zama sana'a. Masu kamun sukan sayar da su ga masu caca, waɗanda ke zuba su a fili su saki kare ya kashe su. Wani lokaci sai a kama ɓera fari fat, ko mai dabbare-dabbare. Irin waɗannan ba a kai su wurin kare. Ajiye su ake yi, su hayayyafa, a sayar da ƴaƴan ga masu sha'awa. Wani mai kamun ɓera da ake kira Jack Black ya yi suna da wannan a tsakiyar ƙarnin.

A shekara ta 1901 wata mata mai suna Mary Douglas ta kai ɓerayenta wurin nunin dabbobi a garin Aylesbury na Ingila. A 1906 cibiyar Wistar ta birnin Filadelfiya, a Amurka, ta fara kiwon farin ɓera domin binciken likitoci. A 1976 masu kiwon ɓera na Ingila suka kafa ƙungiyarsu.

A duk tsawon wannan lokaci, masu kiwo suna zaɓen ɓerayen da ba su cizo, su ne suke bari su haihu. Da haka halin dabbar ya sake. Ta zama mai sanyin hali, mai son mutane. Haka zabon gida ya fito daga zabon daji.

3. Jikinsa da halinsa

Babban ɓeran kiwo yana da tsawon santimita 20 zuwa 25, ban da wutsiya. Namiji yana da nauyin giram 300 zuwa 600. Mace ba ta kai shi ba. Akwai fari mai jan ido, akwai baƙi, akwai ruwan toka, akwai fari mai baƙin kai.

Haƙoransa 16 ne: na gaba 4, turame 12. Ba ya da fiƙa. Haƙoran gaba ba su daina tsiro har ya mutu. Suna ƙaruwa da milimita 2 zuwa 3 kowane mako. Suna cinyewa in yana goga su da juna, ko yana gaigayar abu mai tauri. Launinsu ruwan ɗorawa ne, kuma wannan alamar lafiya ce.

Idonsa ba ya gani sosai. Farin ɓera mai jan ido ya fi kowa raunin gani, haske mai yawa kuma yana cutar da shi. Da hanci da kunne da gashin baki yake sanin abin da ke kewaye da shi. Yana jin ƙara siririya wadda kunnen mutum ba ya ji, da ita kuma yake magana da ƴan'uwansa.

Ɓera ba ya iya amai. Abin da ya shiga cikinsa ya shiga ke nan. Saboda haka in ya ga sabon abinci, sai ya ɗanɗana kaɗan, ya dakata ya ji ko zai cutar da shi.

Ba ya yin gumi kamar mutum. Ta wutsiya yake fitar da zafin jikinsa. Da wutsiya kuma yake daidaita kansa in yana hawa igiya.

Da rana yakan yi barci. Da magariba da dare da asuba yake yawo. Yana da wayo: yana gane sunansa, yana gane mai ba shi abinci. Kuma dabba ce mai zaman taro. A 2011 masana a jami'ar Shikago sun kulle ɓera ɗaya a cikin bututu, suka bar abokinsa a waje. Na wajen ya yi ta ƙoƙari har ya koyi buɗe ƙofa ya fito da shi.

4. Kafin a kawo shi gida

Sabon mai kiwo yakan yi ɗokin sayen dabba, sa'an nan ya nemi keji. Wannan kuskure ne. Akwai abubuwa biyar da zai duba tukuna.

Na farko, yardar mutanen gida. Yaro ba ya kawo dabba sai iyayensa sun yarda. Gidan da ke da mace mai ciki, ko yaron da bai kai shekara 5 ba, ko mai doguwar jinya, likitoci sun ce kada a yi wannan kiwo a cikinsa.

Na biyu, doka. Ba ko'ina aka yarda da kiwon ɓera ba. Lardin Albata na ƙasar Kanada yana yaƙi da ɓeraye tun 1950, kuma ya hana mutane ajiye su a gida.

Na uku, lokaci. Ɓeran kiwo yana yin shekara 2 zuwa 3 a duniya. A duk tsawon wannan lokaci yana cin abinci kullum, yana shan ruwa kullum, har ranar kasuwa, har ranar salla, har lokacin hutu. Mai tafiya sai ya bar wani ya kula da shi.

Na huɗu, zafi. Ɓeran kiwo yana jin daɗi in zafin ɗaki yana tsakanin digiri 18 da 26. In ya wuce 30, sai ya fara wahala. A Damagaram da Tawa da Yamai, zafin bazara yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu. Ɗakin kwano a irin wannan lokaci yana iya kashe ɓeran keji a wuni ɗaya. Wanda ba ya da ɗaki mai sanyi, gara ya kiwata dabbar da ta saba da ƙasarsa.

Na biyar, abokin zama. Ɓera ɗaya tilo yakan yi ƙunci. Yana daina wasa, wani ma ya fara cizo. Mutum ba ya iya zame masa ɗan'uwa, domin mutum yana barci lokacin da shi yake yawo. Biyu ake kawowa, ko uku: maza zalla, ko mata zalla. An fi son ƴan ciki ɗaya, masu mako 6 ko fiye.

Wajen zaɓe, a dubi dabbar da kyau. Mai lafiya idonsa garau, hancinsa a bushe, gashinsa kwance yana sheƙi. Ba a jin ƙarar numfashinsa. In an miƙa hannu, yakan matso ya shinshina.

5. Keji

Ɓera mai hawa ne, saboda haka kejinsa yana son tsawo. Na ɓera biyu kada ya kasa santimita 80 a tsawo, 50 a faɗi, 60 a tsaye. In ya fi haka, ya fi kyau.

Da waya ake yin bangon keji, don iska ta ratsa. Tsakanin waya da waya kada ya wuce santimita 1 da rabi. Inda kan ɓera ya shiga, jikinsa ma zai bi. Kejin katako ko na kara ba ya daɗewa: zai gaigaye shi ya fita, kuma itace yana shan fitsari. Akwatin gilashi yana riƙe wari da zafi. Ƙasan keji ya zama shafaffe, domin tsayuwa kan waya tana sa miki a tafin ƙafarsa.

Ana shimfiɗa yagaggiyar takarda a ƙasa. Ba a sa garin katako mai ƙura ko mai ƙamshi, domin yana ɓata masa huhu.

Abubuwan da ake sa wa a ciki ba su da tsada:

– ƙaramin kwali mai ƙofa, wurin ɓuya da barci;
– tsumma mai tsabta, a ɗaure shi gefe da gefe ya zama lilo;
– tsani, da igiya mai kauri, da bututu;
– guntun itace mai tauri wanda ba a shafa wa fenti ko magani ba;
– kwano mai nauyi wanda ba ya kifewa, da kwalbar ruwa.

A ajiye kejin a inuwa, bisa tebur, nesa da hayaƙin murhu, nesa da kyanwa da kare. Kada a ajiye shi a madafa ko ɗakin da ake adana abinci. Lokacin hunturu a kare shi daga iska da ƙura. Lokacin zafi a sa masa kasko ko tulun ƙasa mai damshi ya jingina da shi.

6. Abinci da ruwa

Ɓera yana cin tsiro, yana cin nama, kamar mutum. Babba yana cin giram 15 zuwa 20 na busasshen abinci kowace rana. A ƙasashen da ake kiwonsa, ana sayar da abincinsa a dunƙule, an haɗa duk abin da jikinsa yake so. Inda babu wannan, sai a haɗa masa hatsi da dawa da masara da shinkafa. A ƙara ɗan ganye ko kayan lambu kullum: karoti, salati, kabewa, kankana, ayaba. Sau ɗaya ko biyu a mako a ba shi ɗan dafaffen ƙwai ko dafaffen wake.

Akwai abin da ba a ba shi: ɗanyen wake, ɗanyen dankali, hatsi ko gujiya da suka yi fumfuna, abinci mai yaji ko gishiri da yawa, alewa, shayi, kofi, da lemun kwalba. Tun da ba ya amai, abin da ya cutar da shi ba ya da hanyar fita da sauri.

Sabon mai kiwo yakan cika kwano don ƙauna. Ɓera kuwa sai ya tsince mai maiƙo da mai zaƙi, ya bar saura. Da haka yake yin ƙiba, ƙiba kuma tana gajarta ransa. A auna abincin. Da yamma ya fi kyau a ba shi, lokacin da ya tashi daga barci. Wani lokaci a warwatsa ƙwayar hatsi cikin takarda, ya yi ta nema: wannan aiki ne gare shi, kuma wasa ne.

Ɓera ma'aji ne. Yakan kwashe abinci ya ɓoye a kwalinsa. Kowace safiya a duba, a fitar da ɗanyen abin da ya rage kafin ya ruɓe.

Ruwa kuwa kada ya yanke ko na awa ɗaya. Ɓera yana shan kimanin mililita 10 a kan kowane giram 100 na nauyinsa a rana, ya fi haka lokacin zafi. Ruwan da mutanen gida ke sha, shi za a ba shi, a sake shi kullum.

7. Sabo da hannu

Ran da aka kawo ɓera sabon gida, a tsorace yake. Warin wurin baƙo ne, muryoyin baƙi ne. Kwana biyu na farko a ƙyale shi. A ba shi abinci da ruwa, a yi masa magana a hankali, kada a taɓa shi.

Bayan haka mai kiwo ya wanke hannunsa, ya sa shi cikin keji, ya bar shi shiru. Ɓera zai matso ya shinshina, ya koma, ya sake dawowa. Kashegari a ɗora ɗan abinci a tafin hannu. Ba a miƙa masa abinci ta tsakanin waya, domin zai ɗauka duk yatsan da ya leƙo abinci ne.

In ya fara hawa hannu da kansa, to ana iya ɗaukarsa. Hannu biyu ake sa wa: ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi gindi. Ba a zo masa ta sama ba zato, domin haka shaho ke zuwa. Ba a matse shi. Ba a ɗaga shi ta wutsiya ko kaɗan: fatar wutsiyar tana iya saluɓewa, kuma ba ta sake tsirowa.

Wani ɓera yakan saba cikin kwana uku, wani sai mako uku. Duka da tsawa ba su koya masa kome sai tsoro. In ya saba, yakan hau kafaɗa, ya lashi yatsa. Wani lokaci a ji yana goga haƙoransa a hankali, jikinsa a sake. Yawanci wannan alamar jin daɗi ce.

Kullum a fito da su su yi wasa kamar awa ɗaya, a wurin da aka rufe ƙofa, aka toshe ramuka, aka kawar da wayar lantarki da magani. A ƙirga su kafin a fito da su, a ƙirga su bayan an mayar.

8. Tsabta da lafiya

Ɓeran kiwo mai tsabta ne. Yana gyara jikinsa sau da yawa a rana, kamar kyanwa. Ba ya bukatar wanka. In keji ya yi wari, laifin mai shi ne.

Kullum a kwashe kashi da jiƙaƙƙiyar takarda, a wanke kwano da kwalba. Sau ɗaya a mako a fitar da kome, a wanke kejin da ruwa da sabuni, a bar shi ya bushe, a sa sabuwar shimfiɗa. Ana mayar da ɗan guntun tsohon tsumma, don su ji warinsu su san gidansu ne.

Dalilin wannan aiki shi ne huhu. Yawancin ɓerayen kiwo suna ɗauke da wata ƙwayar cuta a hanyar numfashi tun suna ƙanana. In iska mai kyau ce, ƙwayar takan kwanta. In zarnin fitsari da ƙura sun yi yawa, sai ta tashi. Ciwon huhu yana cikin manyan abubuwan da ke kashe ɓeran keji.

Ɓera yakan ɓoye ciwonsa, domin a daji mai rauni shi ake fara kamawa. Sai mai lura ke ganewa. Ga alamomin da za a duba:

– yawan atishawa, ko ƙara a ƙirji;
– jan ruwa a gefen ido da hanci; yana kama da jini, amma wani ruwa ne da ke fita daga bayan ido, yana yawa in dabbar ba ta jin daɗi;
– gashi a tsaye, baya a tanƙware;
– ƙin abinci, ko rama;
– haƙorin da ya karkace ko ya yi tsawo ainun;
– ƙari a ƙarƙashin fata, musamman ga mace da ta fara manyanta;
– kwanciya warwas da dalala lokacin zafi.

In an ga ɗaya daga ciki, a tafi wurin likitan dabbobi ran nan. Dabba ƙarama ba ta jure jira. Kada a ba ta maganin mutane.

Lafiyar mai kiwo ma abin kula ce. Ko ɓeran keji yana iya ɗaukar cuta ba tare da ya nuna ba. A 2017 wasu masu kiwon ɓera a Amurka sun kamu da wata cuta da ake kira Seoul, daga ɓerayensu. Saboda haka a wanke hannu da sabuni bayan an taɓa dabba ko keji. Kada a sumbace ta. Kada a ci abinci ana wasa da ita. In ta yi cizo ko yaƙushi, a wanke wurin da ruwa da sabuni nan take, a gaya wa babba. Akwai zazzaɓin cizon ɓera, mai zuwa bayan kwana 3 zuwa 10, da ƙuraje da ciwon gaɓoɓi. Yana da magani a asibiti, amma sai an gaya wa likita cewa ɓera ya yi cizo.

9. Haihuwa da tsufa

Ɓera yana balaga da wuri, wani tun yana mako 5. Mace tana ɗaukar ciki kwana 21 zuwa 23. Tana haihuwar ƴaƴa 6 zuwa 12, wani lokaci fiye. Ana haifarsu ba gashi, idanu a rufe. Suna buɗe ido bayan mako 2, suna barin nono bayan mako 3 ko 4. Uwar kuma tana iya ɗaukar wani cikin kwana ɗaya bayan ta haihu.

Wanda ya haɗa namiji da mace a keji ɗaya, kafin wata huɗu zai rasa inda zai sa ƴaƴa da jikoki. In an sami haihuwa ba shiri, a fitar da uban, a ƙara wa uwa abinci, a raba maza da mata kafin su cika mako 5.

Ɓeran kiwo ba a sakinsa a daji ko a bayan gida don an gaji da shi. Ko dai kyanwa da yunwa su kashe shi, ko ya zama abin ɓarna ga maƙwabta. Wanda ya kasa, ya nemi wani mai kiwo ya ba shi.

In ɓera ya kai shekara 2, ya tsufa. Ƙafafunsa na baya sukan yi rauni. A sauko masa da kwano da wurin barci ƙasa, a ba shi abinci mai laushi. Yaron da ya ɗauke shi yana ƙarami, shi ne zai kula da shi yana tsoho.

10. Ɓeran rumbu ba abin kiwo ba ne

Yaro yana iya cewa: «Ga ɓeraye kyauta a rumbu, me zai hana a kama ɗaya a sa a keji?» Wannan babban haɗari ne.

Ɓeran da ba na kiwo ba yana cizo, kuma ba ya sabawa. Yana ɗauke da ƙuma da cututtuka. Akwai wani ƙaramin ɓera mai nonuwa da yawa, wanda ke zaune a gonaki da gidaje a Afirka kudu da Sahara. Shi ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa. An fara gane wannan cuta a 1969, a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, a Najeriya. Ɓeran da ke ɗauke da ita lafiyarsa lau. Cutar tana fita ta fitsarinsa da kashinsa, ta shiga abincin da aka bari a buɗe. Tana kashe mutane kowace shekara a Afirka ta Yamma, ta fi yawa da rani.

Hausawa sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Abincin keji da ya zube yana jawo ɓerayen waje. A share shi, a rufe sauran a gwangwani mai murfi, kada ɓeran waje ya kusanci na keji.

Gafiya ma dabbar daji ce, yaro ba ya ajiye ta. Amma a garin Morogoro na Tanzaniya, ƙungiyar APOPO tana kiwon gafiya, tana koya mata gano nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi. Hancinta yana jin warin nakiya, nauyinta kuma bai isa ya tayar da ita ba. Wani namijin gafiya mai suna Magawa ya yi aiki a ƙasar Kambodiya, aka ba shi lambar zinariya a 2020. Ya mutu a 2022. Wannan aikin gwanaye ne, tare da likitoci.

A riƙe

Ɓeran kiwo dabbar gida ce, an daɗe ana kiwonta a keji. Yana son abokin zama, da keji mai faɗi, da wuri mai sanyi, da abinci a aune, da ruwa kullum, da tsabta. Ba a ɗaga shi ta wutsiya. Ana wanke hannu bayan an taɓa shi. Ba a kama ɓeran rumbu a kiwata. Duk dabbar da aka sa a keji amana ce: ba ta iya fita ta nemi abin da aka hana ta.

Kalmomi

gaigaya: cin abu mai tauri kaɗan-kaɗan da haƙoran gaba (Faransanci: ronger)
turame: manyan haƙoran ciki masu niƙa (les molaires)
fiƙa: haƙori mai tsini irin na kare (la canine)
huhu: abin numfashi a cikin ƙirji (le poumon)
zarni: warin fitsari
fumfuna: abin da ke tsirowa a kan abinci mai damshi (la moisissure)
keji: la cage
ɓera: le rat
ɓeran Masar: le cobaye

Tambayoyi

1. Daga wace ƙasa ce asalin ɓeran da ake kira na Norwe?
2. Yaya aka yi ɓeran kiwo ya zama mai sanyin hali?
3. Haƙoran ɓera nawa ne? Waɗanne ne ba su daina tsiro?
4. Me ya sa ɓera yake ɗanɗana sabon abinci kaɗan tukuna?
5. Don me ba a kiwon ɓera ɗaya tilo? Don me ba a haɗa namiji da mace?
6. Me ya sa wannan kiwo yake da wuya lokacin bazara?
7. Yaya ake ɗaukar ɓera a hannu?
8. Ta wace hanya zazzaɓin Lassa ke shiga jikin mutum?

Lissafi

1. Ɓera ɗaya yana cin giram 20 a rana. Giram nawa ɓera 2 za su ci a kwana 30? Kilo nawa ke nan?
2. Haƙorin ɓera yana ƙaruwa da milimita 2 a mako. Santimita nawa zai tsiro a mako 50?
3. Ɓera mai nauyin giram 400, mililita nawa na ruwa zai sha a rana? A mako fa?

Aiki

1. A zana keji, a rubuta sunan kowane abu da ke ciki da Hausa da Faransanci.
2. A zaɓi dabba ɗaya da ake kiwo a gida: zomo, ko tantabara, ko ɓeran Masar. A lura da ita har mako ɗaya. A rubuta abin da take ci, da lokacin barcinta, da aikin da mai ita yake yi mata kullum.
3. A tambayi manya hanyoyin da ake bi a hana ɓera shiga rumbu. A kawo amsoshin aji.